Jamus Ko Japan: Yadda Hanyar Minna Ke Yanke Wa Ƙafar Mota Hukunci

Duk ranar Juma'a da la'asar, da zarar an rufe ofisoshi a Sakatariyar Tarayya da sauran ma'aikatun Abuja, jerin motoci kan miƙe ta Kubwa da Zuba, su wuce Suleja, su karya kwana a mahaɗar Dikko, su nufi Minna. A cikinsu akwai ma'aikatan da suka bar iyalansu a Tunga ko Bosso ko Maitumbi saboda tsadar hayar Abuja. Akwai masu hulɗar aiki da hedikwatar hukumar shirya jarrabawa ta NECO da Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Akwai kuma hadiman 'yan siyasa da aka aika da saƙo gidajen tsofaffin shugabannin ƙasa biyu da ke zaune a garin, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar.

Tafiyar kimanin kilomita 150 ce, wadda a takarda ba ta wuce sa'a biyu ba. Amma ranar Litinin da safe, wasu daga cikin motocin nan sai sun biya gareji kafin su isa wurin aiki: wata tana ƙwanƙwasa daga ƙasa, wata sitiyarinta na ja gefe guda, wata ta cinye bakin taya. A nan ne tsohon musun nan ke tasowa a wuraren ajiye motoci na ma'aikatu: motar Jamus ce ta fi, ko ta Japan? Kuma idan an riga an saya, wane ƙari za a yi wa ƙafarta ta jure wannan hanya?

Musun ya wuce hirar rage lokaci. Tun da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta mayar da alawus ɗin ma'aikata kuɗi a 2003, aka daina ba yawancin jami'ai motar gwamnati, mota ta zama ɗaya daga cikin manyan kadarorin da ma'aikaci ke mallaka da guminsa. Kuskure wajen zaɓenta kan cinye albashin watanni, kuskure wajen gyaran ƙafarta kuwa yana iya cin rai.

Hanyar da ke alƙalanci

An ba da kwangilar mayar da hanyar Suleja zuwa Minna tagwaye tun 2010, aikin kuma ya yi ta jan ƙafa fiye da shekara goma. Wanda ya saba bin ta Izom da Lambata da Kwakuti da Paiko har zuwa Chanchaga ya san abin da hakan ya haifar: nan sabuwar kwalta mai sulɓi da ke rarrashin direba ya taka wuta, can gaba kaɗan ramuka masu kaifin baki, sai wurin da aka karkatar da motoci kan jan ƙasa mai ƙunya-ƙunya, sai tudun rage gudu a bakin kowane ƙauye.

Manyan motoci su ne suka ƙara dagula al'amarin. Lalacewar hanyar Mokwa zuwa Tegina zuwa Birnin Gwari, da matsalar tsaron da ta addabe ta, sun karkato da tireloli da tankokin da ke fitowa daga Legas zuwa Bida, daga nan su bi ta Minna, ko ta Agaie da Lapai su ɓullo Lambata. Nauyin ya kai ga gwamnatin Abubakar Sani Bello ta hana su bin hanyar Minna zuwa Bida na wani lokaci a 2020. Inda tirela mai lodin siminti ko mai ta yi ta takawa, kwalta kan lotsa ta yi kwari biyu da tudu a tsakiya, kuma wannan tudu ne ke karce cikin ƙaramar mota. Daminar Jihar Neja, daga Afrilu zuwa Oktoba, ta cika ramukan da ruwa har direba ya kasa gane zurfinsu. Zafin Maris da Afrilu kuma ya busar da duk wata roba da ke ƙarƙashin mota.

Ko Majalisar Tarayya ta kafa hujja da irin wannan hali. A 2023, da aka yi ta sukar sayen manyan motocin Toyota masu tsayin ƙafa ga 'yan majalisa, Sanata Sunday Karimi, shugaban kwamitin hidimomin Majalisar Dattawa, ya kare matakin da lalacewar hanyoyi da buƙatar mota mai juriya. Ma'aikacin da ke mataki na 10 ko na 12 hanya ɗaya yake bi da sanata, sai dai aljihunsu ba ɗaya ba ne.

Abin da ke ƙarƙashin mota

Abin da kanikawa ke kira ƙafar mota haɗakar abubuwa huɗu ne. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin motar. Shokozoba aikinta ta kwantar da tsallen sifirin: mai ne a cikinta da ake matsawa ta ƙananan ƙofofi, sai ƙarfin girgiza ya koma zafi. Hannuwan ƙarfe su ke riƙe taya a muhallinta. Sai gaɓoɓi, wato bushin na roba da boljoyin, waɗanda ke ba hannuwan damar motsi.

A cikin huɗun nan, gaɓoɓi su ne suka fi saurin mutuwa. Boljoyin dunƙulen ƙarfe ne cikin kwasfa mai giris, an rufe shi da 'yar riga ta roba. Ranar da robar ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina su shiga, giris ya koma tamkar yashi, gaɓar ta fara cin kanta. Saboda haka tambayar farko da ya kamata a yi wa kowace mota a hanyar Minna ita ce: gaɓoɓi nawa gare ta, kuma nawa ne kuɗin kowace?

A nan ne bambancin Jamus da Japan ke fitowa fili.

Kowace da hanyar da ta haife ta

A Jamus, sassa da yawa na babbar hanyar da suke kira Autobahn ba su da ƙayyadadden gudu. Shawara kawai ake bayarwa a tsaya kan kilomita 130 cikin sa'a. Motar da za ta yi gudun 180 ko 200 tilas ne tayoyinta su manne da ƙasa daidai wa daida, ko a kwana ko a birki. Don haka ne kamfanin Mercedes, wanda Bahaushe ya raɗa wa suna Marsandi, ya fito da ƙafar baya mai hannuwa biyar a kowane gefe a motarsa samfurin 190 a 1982. Audi A4 da Volkswagen Passat na ƙarshen shekarun 1990 suna da hannuwa huɗu a kowane gefen gaba, takwas ke nan jimilla, na alminiyam, kowanne da gaɓarsa. BMW ma ya koma alminiyam a ƙafar jerin motocinsa na 5 daga 1995. A 1998 Marsandi ya sanya wa babbar motarsa ta S-Class ƙafar iska, inda jakar roba da famfo suka maye gurbin sifirin ƙarfe.

Sakamakon wannan ƙira shi ne natsuwar da duk wanda ya tuƙa lafiyayyiyar Marsandi daga Abuja zuwa Kaduna ya sani: motar tana zaune daram, sitiyari ba ya rawa, direba ya sauka bai gaji ba. Farashinsa kuwa shi ne yawan gaɓoɓi. A yawancin irin waɗannan hannuwa na alminiyam, boljoyin a haɗe yake da hannun, idan ya mutu dukan hannun za a canza. Kuma ƙasar da ta ƙera su ta tanadi mai sa ido: a Jamus dole a kai mota binciken lafiya bayan shekara uku da saye, daga nan kuma duk shekara biyu, ba a sake ta sai an canza gaɓar da ta saki.

Japan ma tana da irin wannan bincike mai tsauri, amma gudun manyan hanyoyinta yawanci 100 ne, wasu sassa 120, kuma kamfanoninta sun gina kasuwancinsu ne a kan sayar wa duniya mota mai sauƙin riƙo. Toyota Camry da aka ƙera kafin 2018 tana amfani da tsarin MacPherson a gaba: sifirin da shokozoba a haɗe wuri guda, hannu ɗaya a ƙasa, boljoyin ɗaya da ake kwancewa shi kaɗai. Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunan Abuja, gungumen ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyin bayanta, bushin biyu ne ke riƙe da shi a jikin mota. Ba ta da zaman Marsandi a gudun 140, amma dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ma 100 ta yarje wa ƙananan motoci a babbar hanya, kuma abin da zai lalace a ƙafarta kaɗan ne.

Shaidar tashar mota

Da an tsaya nan, da sai a ce Japan ta ci gasa. Amma tashoshin motar Minna da Suleja suna da wata shaida daban. Motocin hayar da suka fi shan lodi a wannan yanki sun haɗa da Golf 3, wadda Volkswagen ya fara ƙerawa a 1991, da Sharan, da ake kira Sharon, wadda ta fito a 1995. Dukansu na kamfanin Jamus ne. Suna ɗaukar fasinjoji fiye da kujerunsu, da buhunan doya da shinkafa a baya, su yi sawu biyu ko uku a rana. Sirrinsu a ƙasa yake: ƙafar Golf 3 irin ta Corolla ce, MacPherson a gaba, gungumen ƙarfe a baya, kayanta kuma a kowane lungu.

A ɗaya ɓangaren, babu direban Najeriya da bai taɓa ganin Honda Accord ta durƙusa a tsakiyar titi ba, tayar gaba ta karye ta kwanta. Accord ɗin da aka yi wa laƙabi da Hala da Baby Boy da End of Discussion duk ƙafar gabansu mai hannuwa biyu ce, sama da ƙasa, kuma nauyin motar yana bi ne ta boljoyin na ƙasa yana jan sa. Idan ya ci ya ƙare, ficewa yake yi daga kwasfarsa gaba ɗaya. A Camry kuwa nauyin yana bi ta shokozoba, boljoyin jagora kawai yake yi, shi ya sa yakan daɗe yana ƙara kafin ya saki. Honda da kanta ta koma tsarin MacPherson a Accord ta 2013. Toyota ma ba ta tsira ba: a 2005 ta kira dubban ɗaruruwan motocinta na 4Runner da Tacoma da Tundra da Sequoia a Amurka domin canza boljoyin na ƙasa. Ƙafar iska da ake zargin Jamusawa da ita tana nan a bayan Lexus GX 470, ita kuwa LX 470 ƙafar mai gare ta mai ɗagawa da saukewa, wadda gyaranta ba ya yi wa aljihu sauƙi.

Hatta sunan ƙasar ma yakan yaudari mai saye. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972, don haka motocin da Japanawa ke hawa a gida, masu sitiyari a dama, ba su da gurbi a nan. Yawancin Camry da ke Abuja a Georgetown ta Jihar Kentucky aka ƙera su, Accord kuma a Marysville ta Jihar Ohio. Marsandi ML daga Alabama ta fara fitowa a 1997, BMW X5 daga South Carolina a 1999, Sharan kuwa a Fotugal aka haɗa ta. An daidaita laushin sifirin da tsayin ƙafar kowace ne da titunan kasuwar da aka yi ta dominta. Kamfanonin Jamus da na Japan duk suna da sifirin na musamman mai ɗan ƙarin tsayi da suke sanya wa motocin da za a kai ƙasashe masu munanan hanyoyi, amma tokumbo da ta fito daga Amurka ko Beljiyam da wuya ta zo da shi.

Abin da tashar mota ke koyarwa shi ne, a hanyar Minna sauƙin ƙira da samuwar kaya sun fi tutar ƙasa nauyi a ma'auni.

Lissafin aljihu

A watan Mayun 2023 ana canzar da dala kan kimanin naira 460 a farashin hukuma. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haye naira 1,500. Kusan duk wani ƙarfe da ke ƙarƙashin mota daga waje ake shigo da shi, don haka farashinsa ya bi dala, a daidai lokacin da cire tallafin mai ya ninka kuɗin cika tanki. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 bai cike wannan giɓi ba. Mai Passat da ke buƙatar hannuwa takwas da mai Corolla da ke buƙatar boljoyin biyu ba su cikin hali ɗaya.

Sai batun nisa. A Ƙetaren Gwari, inda kanikawa da masu sayar da kayan gyara suka yi cincirindo a Minna, kayan ƙafar Toyota da Honda da Golf ba sa wuyar samu. A kwance mota da safe, a ɗaure ta kafin la'asar. Kayan sabuwar Marsandi ko BMW kuwa sau da yawa sai an aika Zuba ko Apo a Abuja, wani lokaci har kasuwar Ladipo a Legas, motar tana kan jak tana jira. Masu ƙafar iska ko shokozoba mai aiki da lantarki suna buƙatar kwamfutar bincike da makaniken da ya iya karanta ta. Ma'aikacin da dole ya sa hannu a rajistar ofis ranar Litinin ƙarfe takwas ya san darajar kwana biyu.

Haka nan a wurin sayarwa. Toyota tana riƙe darajarta a kasuwar motoci ta Najeriya, har wasu ke ɗaukarta tamkar ajiya. Tsohuwar babbar motar Jamus kuwa takan yi araha a wurin saye, saboda dillalai sun san kuɗin da ke jiran mai ita a gaba. Araha, in ji masu iya magana, ba ta ado.

Akwai kuma tarihin da mota ke zuwa da shi. Tokumbo da yawa daga wuraren gwanjon motocin da suka yi haɗari a Amurka ake sayo su, a buge jiki, a fesa fenti, a bar lanƙwasasshen hannu ko karkataccen gindin inji a ƙasa. Waɗanda suka fito daga yankunan sanyi, inda ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, tsatsa ta riga ta ci ƙarƙashinsu. Masu ƙera shokozoba irin su KYB da Monroe suna ba da shawarar a canza ta bayan kimanin kilomita 80,000. Motar da ta sauka a tashar jirgin ruwa da kilomita 200,000 a kanta, in ba a taɓa canza mata ba, ta iso ne da gajiyayyiyar ƙafa tun kafin ta ga Lambata.

Ƙarin da ake yi wa ƙafa

Daga nan ne sha'awar ƙari ke tasowa, kuma iri-iri ne.

Na farko shi ne ɗaga mota. Ƙananan motoci yawanci tazarar santimita 13 zuwa 16 ce tsakanin cikinsu da ƙasa, yayin da Prado da Hilux suka haura 20. Don a tsare kaskon man inji da salansa, kanikawa kan cusa zoben roba ko na alminiyam a saman sifirin. Ɗagawar santimita biyu ko uku, idan an yi ta a duk ƙafafu huɗu aka kuma sake daidaita tayoyi, tana da amfani a bayyane. Idan ta wuce haka, shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba ya koma aiki a karkace, robarsa ta yage da wuri. Shokozoba ta rasa sararin miƙewa, ta riƙa bugun ƙarshenta a kowane rami. Nauyin mota kuma ya hau sama, ta ƙara tangaɗi a kwana, wanda shi ne abu na ƙarshe da direba ke so a lokacin da yake kauce wa tirela. A motar Jamus mai hannuwa da yawa illar ta fi yawa, domin an lissafa kusurwar kowane hannu ne a kan wani tsayi na musamman.

Na biyu shi ne sifirin mai tauri, sau da yawa na wata babbar mota da aka yanke aka daidaita. Masu haya na yin haka saboda lodi. Ga ma'aikacin da matarsa da yara uku da jaka biyu ne kayansa, sifirin da ya fi ƙarfin shokozobarsa yana sa mota tsalle, taya ta riƙa rabuwa da ƙasa, birki ya ƙara nisa. Bugun da sifirin ya ƙi shanyewa kuma jikin mota ne ke karɓar sa, har wurin da shokozoba ke ɗaure ya tsage.

Na uku shi ne shokozoba mai inganci, kuma a nan ne kuɗi ya fi yin amfani. Shokozoba iri biyu ce. Mai bututu biyu, wadda yawancin motoci ke zuwa da ita, tana da laushi da araha, amma a doguwar hanya mai ƙunya-ƙunya manta kan yi zafi ya yi kumfa, ƙarfinta ya ragu. Mai bututu ɗaya tana da iskar gas da aka raba da man, tana saurin huce zafi, ba ta kumfa. Kamfanin Bilstein na Jamus ya fara sanya wa Marsandi irinta tun 1957. A yau yana da B4 mai daidai da ta asali, da B6 mai ƙarin ƙarfi ba tare da an rage tsayin mota ba, da B8 wadda aka yi don motar da aka saukar ƙasa, wadda ba ta da wurin zama a hanyar Paiko. KYB na Japan yana da Excel-G mai bututu biyu da Gas-a-Just mai bututu ɗaya. Sachs da Lemförder, dukansu na rukunin ZF, su ne ke ƙera wa kamfanonin Jamus da dama kayan ƙafarsu na asali, kamar yadda 555 ya yi suna a boljoyin motocin Japan. Ga Hilux da Prado da Land Cruiser masu shiga karkara ko rakiyar manya, akwai Old Man Emu na Ostareliya, wanda ke sayar da sifirin da shokozoba a haɗe bisa nauyin da motar za ta ɗauka. Motar da aka yi wa sulke kuwa ba ta da zaɓi: ƙarin ɗaruruwan kilo na ƙarfe da gilashi ya wajabta sabon sifirin da shokozoba da birki.

Matsalar waɗannan sunaye ita ce jabu. Kwali mai kyau ba shaida ba ne. A kasuwa akwai tsohuwar shokozobar da aka huda aka ɗura wa mai, aka toshe, aka fesa baƙin fenti, a sayar da ita a matsayin 'yar Beljiyam. Akwai boljoyin da aka daddaƙe bakinsa da guduma don ya daina girgiɗi, da bushin da aka yanka daga tsohuwar taya, da hannun da aka yi wa walda. Hannun alminiyam da ya lanƙwasa ba a miƙar da shi, ba a kuma yi masa walda. Canza shi ake yi.

Na huɗu shi ne ado: saukar da mota da sanya mata manyan wiloli. Lissafinsa a fili yake. Taya mai lamba 205/65 R15, irin wadda Camry ta 2002 ke zuwa da ita, tsayin gefenta milimita 133 ne. Mai lamba 225/40 R18 milimita 90 ne. Wannan bambanci na milimita 43 roba ce da iska da ke shanye kaifin rami kafin ya kai ga wili da boris da boljoyin. Yawancin BMW na jerin 3 daga 2005 suna zuwa da taya mai taurin gefe da ke iya tafiya ko ta sace, ba kuma tare da safaya ba. A Maitama wannan ci gaba ne. A tsakanin Kwakuti da Paiko da dare, inda mai faci ya riga ya tashi, wani abu ne daban. Sau da yawa ƙarin da ya fi taimakon motar Jamus a wannan hanya shi ne a rage girman wili zuwa mafi ƙanƙanta da birkinta zai bari, a ƙara kaurin taya.

Na biyar shi ne cire ƙafar iska a mayar da sifirin ƙarfe. Akwai kamfanonin da ke ƙera kayan wannan canji, kuma ga tsohuwar S-Class ko GX da jakarta ke yoyo famfonta ya gaji, mafita ce mai ma'ana. Sai dai motar za ta rasa daidaita kanta idan an yi lodi, za ta rasa ɗagawa a mummunan wuri, kuma sai an sanar da kwamfutarta, in ba haka ba fitilar gargaɗi ba za ta mutu ba.

Hadimin da ke kula da motocin ofis yana da ƙarin abin lura. Sabuwar motar gwamnati da ke ƙarƙashin garanti, duk wani sauyi a ƙafarta na iya zubar da haƙƙin gyaran wannan sashe, kuma ba a taɓa kadarar gwamnati sai da amincewa a rubuce.

Kafin damina ta kankama

Wanda hanyar Minna ta zame masa ta kowane mako, kuma albashi ne kaɗai madogararsa, hujja ta fi karkata ga mota mai sauƙin ƙafa da kayanta ke samuwa a Ƙetaren Gwari, ko tambarin Toyota ne a goshinta ko na Volkswagen. Wanda yawan zirga-zirgarsa a cikin Abuja ne, yana da amintaccen makanike a Apo, yana kuma iya ware kuɗin kayan asali duk shekara, zai ci moriyar natsuwa da ƙarfin birkin motar Jamus. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a sayi ƙirar Autobahn a riƙe ta da kayan gwangwan.

Ga motar da aka riga aka mallaka kuwa, tsarin aikin a jere yake. A fara mayar da ƙafar yadda kamfani ya ƙera ta, kafin a yi maganar ƙari. Motoci da yawa da ake cewa sun yi ƙasa, sifirinsu ne kawai ya gaji ya zauna. A canza shokozoba biyu-biyu, hagu da dama. A ƙarasa ɗaure kusoshin bushin bayan an sauke mota kan tayoyinta, domin wanda aka ɗaure tana rataye a kan jak a murɗe zai zauna, ya tsage cikin 'yan watanni. A daidaita tayoyi bayan kowane aikin ƙafa. A duba lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. A kuma hura iska daidai da adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, domin cika ta fiye da ƙima yana mayar da kowane rami guduma.

Mai Accord da duk mai motar da nauyinta ke kan boljoyin na ƙasa, ya sa a ɗaga ta a girgiza tayar a duba robar gaɓar duk lokacin da aka juye baƙin mai. Aikin minti goma ne a kan ramin gareji a Minna ranar Asabar da safe. Idan aka bar shi, wurin da zai bayyana kansa shi ne gangaren wata gada ranar Lahadi da yamma, da iyali a kujerar baya da tanka a madubi.